Ƙarfen da Muka Baro a Nijar

Tun da na dawo 'yan ajinmu ba ku bar ni na huta ba. Kowace ta gan ni sai ta ja mini hijabi: Balki, yaya Nijar take? Da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu? Kin iya Faransanci yanzu? Ni kuwa kun san halina, in idanu suka yi mini yawa sai magana ta maƙale mini a wuya. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ku karanta ba tare da kuna kallona ba. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido muka je ba. Makarantarmu muka je nema.

Mu ba 'yan cikin Sabon Birni ba ne. Ƙauyenmu yana can gefen Tsamaye, kuma muna da ƙaramar sakandare tamu, mai rufin kwano da bishiyar dogon yaro a tsakar fili. A jikin bishiyar aka rataye wani tsohon wilin mota, wato ƙarfen da ake sa taya a jikinsa, shi ne ƙararrawarmu. Ƙarfe kawai muke ce masa. Hedimastanmu, Malam Ladan, shi kaɗai ke buga shi da wani guntun rodi, kuma ba shi da lokaci tsayayye. Kullum da safe sai ya zagaye gari yana gaishe-gaishe, daga bakin rijiya zuwa rumfar mahauta, daga nan zuwa inda matan Fulani ke sauke ƙoren nono, kafin ya zo ya buga. Wata rana ma ba ya bugawa sam, mu yi ta murna mun sami hutu.

Wannan hali nasa ya fi damun Malama Rabi, wadda kuka sani, mai koya mana lissafi yanzu. Ƙanwar babana ce, a gida Gwaggo nake ce mata. A lissafi babu kamarta, ko dutse ta koya wa sai ya gane, kuma ba ta taɓa makara ba. Takan ce Malam Ladan mutumin kirki ne, amma rabin ranar yara tana ƙarewa a gaisuwarsa. An taɓa tsallake ta aka ba wani shugabancin wata makaranta, aka ce mata aikinta na aji ba shi da aibu, zama da jama'a ne da saura. Ta dawo gida tana cewa ita ba ta ga abin da ya haɗa gaisuwa da alli ba.

Bara, wata safiya, rana ta ɗaga sosai ba a buga ƙarfe ba. Ni da ƙawata Kulu, wadda muke zama benci ɗaya tun muna firamare, muna leƙe ta kan dangar gidansu. Muka ga Gwaggo ta fito daga aji ta ɗauki rodin, ta ɗaga hannu za ta buga da kanta. Sai ga Malam Ladan a guje, babbar rigarsa tana kaɗawa, takalminsa ɗaya ya cire, yana kiran sunanta da ƙarfi yana cewa ta ajiye. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Ta ajiye. Kafin azahar 'yan bindiga suka shigo ta hanyar da ta bi bayan makaranta. Ajujuwa babu kowa. Kowane yaro yana kusa da uwarsa, aka ja shi aka gudu. Waɗanda aka rasa, a gonaki aka same su, cikinsu har da Sani, yayan Kulu.

Daga nan gari ya watse. Mu muka yo Sabon Birni, wasu suka nufi Isa, mafi yawa suka haye Nijar inda suke da dangi. Malam Ladan ya bi masu yawan. An ce daga baya ya koma da amalanken shanu ya kwance ƙarfen ya tafi da shi. Ciwon ƙirji ya kama shi a can, da damina ya rasu.

Bana da aka girke sojoji kusa da ƙauyenmu, wasu maza suka fara komawa gona. Sai aka kira Gwaggo ofis aka ce mata in iyaye sun yarda sun dawo da yaransu za a buɗe makarantar, kuma ita za a ba shugabanci. In ba su yarda ba, za a rufe ta gaba ɗaya a raba malaman. Ta ce za ta je ta same su. Babana ya ce mace ba ta yin wannan hanya ita kaɗai, a tafi da ni. Ban yi gardama ba. In makaranta ta buɗe, Kulu za ta dawo, mu ma mu koma gida.

Mun tashi da safe, bayan an yanke gero, lokacin da ake hangen nesa a daji. Babana ya ɗauko mana wani ɗan kabu-kabu da ya yarda da shi, Bawa sunansa, mutum mai tsagen Gobirawa da surutu kamar rediyo. Ni a tsakiya, Gwaggo a baya da jakarta cike da tsofaffin takardun jarrabawa da za ta kai wa yara su gwada hannu. Bawa ya ɗaga jakar ya ce, "Malama, duwatsu anka aike ki da su?" Ba ta yi dariya ba.

Abin da na fara lura da shi a hanya shi ne Bawa yana yin shiru in za mu wuce kufai. Gidaje a tsaye, rumbuna a buɗe, ba ko kaza. A wani gari na ga turmi a kife a ƙofar gida, kabewa ta yi yaɗo ta hau kansa har ta yi 'ya'ya. Da mun wuce sai ya ci gaba da labarinsa daga daidai inda ya tsaya.

Kafin Burkusuma muka iske shingen sojoji. Na sunkuyar da kai. Wani soja dogo ya leƙa fuskar Bawa, ya ga tsage, sai ya fashe da dariya. Ashe Bayarabe ne. Da gurɓatacciyar Hausarsa ya ce ga bayinsa Gobirawa sun zo gaishe shi, ina goron ubangida? Bawa ya ce ai Bayarabe bai san goro ba sai barkono, kuma tun kaka da kakanni Bagobiri ne ke riƙe da igiyarsa. Suka yi ta yi har sauran sojojin suna dariya. Sojan ya tambayi Gwaggo aikinta, ta ce malama ce, a taƙaice, tana duba agogon hannunta. Ya ɗaga mana itacen da aka gitta a hanya. Da muka yi nisa Bawa ya ce mata wannan wasan da ta ga kamar ɓata lokaci ne, shi ne takardarsa ta wucewa. Ta ce ya dai kula da hanya.

A Burkusuma tayar baya ta yi faci. Muka zauna a rumfar wata mai ƙosai ana gyara. Matar ta tambaye mu daga ina zuwa ina, ɗiyan wane gida ne, Gwaggo tana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Ni na lura in babur ya wuce da gudu sai matar ta ɗago ta bi shi da ido, mai yana ɗiga daga matsami, amma bakinta bai daina murmushi ba. Da za mu tafi ta ƙara mini ƙosai a leda ta ce in kai wa wadda za ni gani, don ta ga alama akwai wadda nake ɗokin gani. Ban san yadda ta gane ba.

Gaba kaɗan akwai wani rafi da ruwansa ya ja baya, saura laka. Bawa ya ce mu sauka mu taka. Ina tsakiya laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, na ja ƙafa ta fito, takalmin ya zauna. Muka laluba har gwiwar hannu ba mu same shi ba. Haka na shiga ƙasar waje da takalmi ɗaya a ƙafa, Bawa yana cewa in an tambaye ni in ce sabon yayi ne na Najeriya.

Kun tambaye ni iyaka. Ni na zata katanga za ni gani, ko babbar ƙofa. Igiya ce kawai aka ɗaure tsakanin gangar ƙarfe da kututture, da wata rumfar zana a gefe. Jandarma, wato jami'an tsaronsu, suna zaune suna dafa shayi a 'yar mitsitsiyar buta. Wanda ya taso tsagensa irin na kakana ne sak, kuma Hausarsa irin tamu ce, sai dai yakan jefa wata kalma da ban sani ba. Ya duba katin Gwaggo, ya dubi ƙafata, ya tambaya ko a can ƙasarmu ɗaya ɗaya ake sayar da takalmi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sauke igiyar da ƙafarsa. Gero iri ɗaya a hayin nan da hayin can, tumaki suna ƙetare igiyar ba mai tambayarsu kati.

Da la'asar sakaliya muka isa ƙauyen da mutanenmu suke. Masu garin sun ba su fili a gabas, sun yi bukkoki na kara da leda, wasu har sun fara ginin ƙasa. Tun daga nesa na hango shi: ƙarfenmu, rataye a wata bishiyar dogon yaro, wadda su can suke ce wa bedi. Na san shi da wata tsaga a gefensa. Sai na ji hawaye ya zo mini saboda wilin mota, na yi sauri na goge kada a gani.

Gwaggo ta ce ba mu da lokaci, mu fara da gidan su Kulu, tunda babanta, Malam Nomau, shi ne mutanenmu ke jin maganarsa. Kulu na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan ni, ta saki rariya, muka riƙe hannun juna. Ta yi tsawo, ta rame, kuma ta koyi ɗaurin kallabi irin na matan can, mai tudu a gaba. Na ba ta ƙosan, ya riga ya huce.

Innar Kulu ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwano, ta shiga dama fura. Malam Nomau ya shigo ya zauna a bakin ƙofa. Gwaggo ba ta zauna ba. Ta gaishe shi a tsaye, gaisuwa gajera, ta buɗe jaka ta fara bayani da muryarta ta aji: an kawo sojoji, za a buɗe makaranta, jarrabawa ta matso, yara sun yi asarar shekara, Kulu tana da ƙwaƙwalwa bai kamata a bar ta ta lalace ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma ni ina kallon ruwan da ba ta taɓa ba, wani ƙuda yana zagaya bakin kwanon. Ina kallon bangon bukka kuma, inda aka rataye hular Sani a kan ƙusa. Tun da abin ya faru Gwaggo ba ta haɗu da su ba, kuma har ta gama maganarta ba ta ambaci sunansa ba.

Malam Nomau ya bari ta kai aya. Sannan ya ce, "Malama, kin sha hanya. A sha ruwa." Ya tashi ya fita. Innar Kulu ta ajiye furar a gabanmu ba ta dubi kowa ba.

A gidan Inna Hassi, matar marigayi Malam Ladan, muka sauka. Tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, tana zaune a kan buzu da carbi. Ɗaki ɗaya ne, rabinsa buhunan gero da mutane suka kawo mata. Ta ba ni silifas ɗin Malam in sa, suka yi mini yawa, ina tafiya suna tafi a bayana. Bayan magariba maƙwabta 'yan garin suka aiko da tuwon gero miyar kuka, da kwaɗon zogale mai ƙuli da albasa wanda ya fi namu yaji, da burodin nan da kuke tambaya. E, dogo ne, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi, cikinsa kuma iska. Sun ce sai da shayi ake jin daɗinsa. Ni dai namu ya fi mini.

Muna ci Gwaggo ta ce ita ba ta gane mutanen nan ba, ta kawo musu alheri sun juya mata baya. Inna Hassi ta tambaye ta ko ta yi wa iyayen Kulu gaisuwar Sani. Gwaggo ta tsayar da loma a hannu. Ta ce ai an shekara. Inna Hassi ta ce a wurin uwarsa ba a shekara ba.

Daga nan tsohuwar ta shiga ba mu labarin Malam, ba da faɗa ba, kamar mai jin daɗin ambatonsa. Ta ce ita ma da tana yi masa ƙorafin yawon safiya, koko ya huce yana can yana tambayar wani lafiyar jakinsa. Sai ya gaya mata cewa ƙarfen nan in ya buga, ce wa iyaye yake yi ku ba ni ɗiyanku, na ɗauka. To ba ya iya faɗin haka sai ya san yadda gari ya kwana. Kuma ba wanda zai zo ya ce maka ga abin da na gani a daji, kowa tsoron bakinsa yake yi. Sai dai in ka saba zama da mutum, ka san ranar da gaisuwarsa ta canza. Ran nan da abin ya faru, ya je inda masu nono ke sauka ya tarar ba ko ɗaya da ta shigo. Ya je wurin mai kai itace ya same shi a gida yana gyaran danga da ba ta lalace ba. Ya gaishe shi, mutumin ya amsa yana kallon ƙasa. Shi ke nan abin da ya gani.

Gwaggo ta ce ita ta ɗauka waya aka yi masa. Inna Hassi ta girgiza kai.

"Wace waya, ɗiyata? Ƙoren nono na da ba su zo ba."

Gwaggo ba ta ƙara cin tuwon ba. Na ga tana murza yatsunta na dama, waɗanda alli ya busar, kamar tana son goge wani abu.

Da safe ta tashe ni ta ce in zo in nuna mata gidajen mutane, ni na fi ta sanin wace ce uwar wa. Jakar takardun ta bar ta a ɗaki. Muka fara da gidan su Kulu. Wannan karon ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da Innar Kulu, ta ce ta zo gaisuwar Sani, Allah ya jiƙansa, ta kuma ce ya kamata a ce da ita ta fara jiya. Ta ce tana tuna shi a aji, ba ya son lissafi amma shi ke goge mata allo ba a sa shi ba, kuma kullum sai ya bar kusurwar sama don bai kai ba. Innar Kulu ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Gwaggo ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta, daga baya ta ɗora ɗaya a bayan matar. Aka kawo ruwa, ta shanye.

Haka muka bi bukka bukka har rana ta take. Ba ta iya ba, gaskiya. Takan yi tambaya ta rasa ta gaba, sai in raɗa mata cewa wannan ita ce aka yi wa haihuwa a hanya, wancan tsohon shi ne shanunsa suka tafi. A ko'ina sai an ba ta abin sha, ta sha fura har na tausaya mata. A hanya muka wuce makarantar garin, lakwal suke ce mata, malamin kuma mushe. Ana tashi da rana a je gida a dawo da yamma, ba kamar mu ba. Na hango ƙannenmu na ƙauye a ciki suna maimaita wata waƙa da Faransanci, bakinsu ya karkace. Manya irin su Kulu ba a ɗauke su ba, an ce sai dai su koma ajin farko da yara ƙanana. Kulu ta gaya mini abin da take yi: Malam Ladan kafin ya kwanta ciwo yakan tara yaranmu a gindin bedi da hantsi yana koya musu karatun gida don kada su manta. Da ya rasu ita ta ci gaba. Ita ke buga ƙarfen yanzu.

Bayan la'asar iyaye maza suka taru a gindin bishiyar, mata suka tsaya daga bayan danga. Aka shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a gefe. Ta yi magana a zaune, a hankali, ta faɗi abin da ofis ya ce, har da cewa in ba su dawo ba za a rufe makarantar. Ba ta ɓoye cewa ita aka yi wa alkawarin shugabanci ba. Mutane suka yi ta magana, wani ya ce gonarsa yake kewa, wani ya ce nan ma ba daɗi, ruwa da nisa, kuma zaman aro zaman aro ne. Na ga kamar sun fara karkata. Kulu ta matse mini hannu har ya yi zafi.

Sai Malam Nomau ya gyara zama. Ya ce ba wanda ke shakkar iliminta, ɗiyansu da yawa ita ta buɗe musu kai. Ya ce ta yi haƙuri da abin da zai faɗa, amma duk wanda ke nan ya san wa ya ɗauki rodi ran nan. Ba don a kunyata ta ya tuna ba, kowa bai sani ba a lokacin sai mutum ɗaya, kuma ga kabarinsa can.

"Bugun ƙarhe ba wuya, Malama, Kulu ma tana yi. Abin da muka tambaya guda na. In mun ba ki ɗiyanmu, kin san ranar da ba a bugawa?"

Na san Gwaggo. Na san in ta ce e, za su yarda, don ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. A zuciyata ina roƙonta ta ce e. Ina ganin bencinmu, ina ganin ɗakinmu na ƙauye da zanen da na yi da gawayi a bayan ƙofa.

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Sannan ta ce, "Ban sani ba, Baba. Jiya na fara jin yadda ake sani. In na ce muku na iya, na ci amanarku."

Wani tsoho ya ce Allah ya yi mata albarka. Malam Nomau ya sunkuyar da kai ya ce to su ba za su iya ba tukuna, ta gaya wa ofis haka, ba don raini ba. Aka shafa fatiha. Kulu ta saki hannuna a hankali, ta tafi ɗaukar tulu, don lokacin ɗiban ruwa ya yi. Na bi ta rijiya. Ba mu yi maganar ba sam. Ta tambaye ni ko har yanzu ina tauna bayan biro, na ce e. Ta ce in daina, ba mai ara mini nata yanzu.

A daren na ƙi yi wa Gwaggo magana, na juya mata baya na kwanta.

Da gari ya waye Bawa ya zo ɗaukarmu. Inna Hassi ta ce ƙarfen na makaranta ne, ba na Malam ba, in Gwaggo tana so a ɗaure mata shi a bayan babur, ko ba komai ta nuna wa ofis ta zo. Bawa ya ce in an ɗora wannan to ni sai dai in bi su da gudu da silifas ɗin Malam. Gwaggo ta ce a bar shi inda yara suke. Takardun jarrabawar ma ta ba Kulu duka, ta zauna ta nuna mata waɗanda za ta fara da su, ta ce in ta kakare ta aiko da tambaya ta hannun Bawa.

Yara sun fara taruwa a gindin bedi, kowa da ɗan buhun da zai zauna a kai. Kulu ta ɗauko rodin ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, ta ce Malama ta buga musu na yau. Gwaggo ta karɓa. Ta juya shi a hannunta, wurin riƙon ya yi santsi saboda hannun Malam. Ta dubi hanyar da ta shigo gari daga daji, ta dubi Kulu.

"Masu nono sun shigo?"

Kulu ta ce sun shigo tun ɗazu, ta gaisa da su, har ɗayar tana ta mitar ɗanta ya ɓatar da akuya.

Gwaggo ta mayar mata da rodin. "To ke kin sani. Buga."

Mun hau babur muna fita gari Kulu ta buga. Ƙarar nan ce dai, mai ɗan gautsi saboda tsagar. Ƙafata ta motsa da kanta kamar za ni ruga layi. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya za ni sauka. Muna jin ta har muka wuce gonakin farko, daga nan ƙarar babur ta rufe ta. A bayana na ji Gwaggo ta jingina goshinta a kafaɗata, hijabina ya jiƙe a wurin. Bawa bai yi surutu ba har iyaka.

Sauran kun sani. An rufe makarantarmu, an kwashe bencinan an kawo wasu nan, ina jin ma wanda ke bayan ajinmu mai ƙafa ɗaya gajera namu ne. Gwaggo ba ta zama shugaba ba, tana nan tana koya mana lissafi. Silifas ɗin Malam suna ƙarƙashin gadona, Inna Hassi ta ce in riƙe.

Kwanan nan na ji wasunku suna gunaguni cewa Malama Rabi ta fara makara, ita da ba ta taɓa yi ba, har kuna cewa ko tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Da asuba take fita, ta bi unguwar da 'yan gudun hijira suke, gida gida. Wani lokaci ina binta in riƙe mata jaka. Har yanzu ba ta gama iyawa ba, takan tsaya a ƙofar mutane ta rasa abin cewa bayan ina kwana. Amma tana zama, kuma in an kawo ruwa tana sha. Jiya na ji ta tana tambayar wata mai nono sunan ɗanta, ta maimaita shi a hankali a kan hanya, kamar yadda mu muke haddar lissafinta.